Ranar da Kayan Gwajina Suka Tafi Suna

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai zoɓo ɗakin gwaji ba.

Ina karatun digiri na biyu a Azare lokacin, aikina kuma auna wani furotin ne mai suna kinase, mai isar da saƙo a cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Kayan awon 'yan kwalabe ne da faranti mai ƙananan ramuka. Wata da watanni Dakta, malamin da ke duba aikina, ya yi yana jiran isowarsu, kuma saiti ɗaya tal aka samu. In zafi ya taɓa su, shekarata ta tafi.

Suna isowa janaretan makaranta ya mutu. Na kwashe su na kai gida, don Mama na da firjin sola na sana'ar zoɓo. Na tsaya tsakar gida ina hura hanci: "Kada wanda ya taɓa, ba abin wasa ba ne!" (Har da nuna yatsa, Allah Ya yafe mini.)

Da safe na jera su a kula da ƙanƙara. Mama ma na haɗa nata kuloli, za ta suna garin Itas. Duk shuɗaye ne. Na suri ɗaya na wuce.

Dakta ya tara ɗalibai su ga yadda ake yi. Na sa safar hannu, na yi bayani kamar ni na ƙirƙiro abin, na ɗaga murfi. Zoɓo! Ƙulli-ƙulli a leda, har da kunun aya.

Dakta ya leƙa ya ce, "Malama, wannan furotin ɗin da citta aka yi shi?"

Aka fashe da dariya. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, na kira Mama a waya.

"Ke, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Ina buɗewa na ga karatunki ne. Na juye masa ƙanƙarar sauran kulolin kaf, ga ni zaune a kansa. Mata na can na shan zoɓo da ɗumi suna harara ta, su ta shafa."

Kayan sun dawo da sanyinsu, gwaji ya yi kyau. Tun ranar na koyi buɗe kula kafin in buɗe baki. Dangin Itas kuwa har yau ba su san me nake karantawa ba, sun dai san ni ce na hana su ƙanƙara.