Illo Ministan Damina

Duk wanda ya ce ƙasar nan ta rasa ma'aikata masu riƙon amana, bai taɓa biyo hanyar Madarumfa da damina ba. Da ya biyo, da ya ga Malam Illo. Kuma da ya gan shi da kyau, don ba a wuce Illo da sauri.

Illo shi ne mai tsaron shingen damina. Hanyarmu ta zuwa Maradi ta jar ƙasa ce. In an yi ruwa takan yi laushi, babbar mota ta bi ta kai sai ta bar ta kamar an yi huɗa. Saboda haka tun zamanin Nasara aka kafa sandar ƙarfe a bakin gari, a sauke ta in an yi ruwa, a ɗaga in ƙasa ta tsane. Aikin ke nan duka. Amma a hannun Illo aikin ya yi ta girma har ya fi hanyar faɗi.

Yana da kwat ɗin kaki da ya gada daga wani tsohon gardi, wato dogarin Nasara, da usur a wuya, da baƙar laima. Ba a taɓa ganin laimar a buɗe ba, ko da ruwa na dukansa, domin ba ta tare ruwa ba ce, ta awo ce. Da tsininta yake soka ƙasa, ya zaro, ya duba, ya sansana, ya girgiza kai kamar likita ya ga mugun ciwo. Direbobi suna ce masa Shef a gaban idonsa, a bayan ido su ce Ministan Damina. Da labari ya kai masa, sai ya nuna ya fi son na biyun.

Sauran masu shinge sukan jira ruwa ya sauka. Illo ya wuce nan. In aka yi tsawa a garin Sarkin Yamma, ya sauke sanda. In wani ya zo daga Safo da jiƙaƙƙen takalmi, ya sauke sanda. Sai motoci su yi layi, akori-kura da manyan kamiyo da ke ɗauke da wake za su Najeriya, fasinja su fito su tsaya cirko-cirko, shi kuwa ya hau kan dutsen da ke gindin shingen ya yi musu jawabi.

"Jama'a, ku hawa kawai kuka iya, ba ku san hanya ba. Hanya kamar mai jego take, in ta sha ruwa sai ta huta. Wagga hanya amana ce gwamnati ta ba ni, kuma haka zan riƙe ta har ranar da zan danƙa ta ga kwalta da hannuna."

Zancen kwalta kuwa ba sabo ba ne. Tun bayan Babban Taron Ƙasa, da jam'iyyu suka fito, kowane ɗan takara sai ya shimfiɗa mana ita da baki. Masu awo suka zo suka kafa turaku, mata suka cire suka ɗaure awaki. Wani ɗan kwangila ya jibge tulin jar ƙasa a gefen hanya ya tafi, tulin ya yi ciyawa, wani bawan Allah ya shuka wake a kan ɗaya har ya ci amfani. Aka fitar mana da hanyar wucin gadi ta gefen gonar wani Isa. Yaran da aka haifa a shekarar da aka fitar da ita yanzu sun fara aike.

Mu dattawa ba mu yi shiru ba, kada a ce mun yi. Kullum muna ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke kusa da shingen, muna zagin masu jinkiri tun safe har azahar. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na koyar har na yi ritaya. A makarantar mishan abu uku aka dasa mana: wanke kunne, zuwa kan lokaci, da rashin tsallake layin da aka ja. Don haka duk lokacin da aka taɓo hanya, nakan tuna wa majalisa yadda take a da, sumul, ana share ta kamar tsakar gida. Abin da ba na cika ambata ba shi ne iyayenmu ne suka ɗauko ƙasar a ka, gardi na biye da bulala. Wannan yana ɓata labarin.

Kuma, a faɗi gaskiya, shingen bai cuce mu ba. Matafiyin da aka tsare yana da labari, yana da goro. Ga kuma Kulu mai kifi, taubashiyar Illo, wadda ke sayen kifin tafki da sassafe ta kai Maradi. Ranar da aka sauke sanda, kifinta ya wuni a rana ke nan. Mukan taya ta baƙin ciki sosai, sa'an nan mu saye kifin da araha don kada ya lalace mata.

"Illo, kai da Allah!" in ji ta. "Ruwan nan ko gashin akuya bai jiƙa ba."

"Kulu, ke kifi kika sani. Ni ƙasa nika karantawa."

"Karatun da ya gagare ka a allo ne ka koma yi a ƙasa?"

Sai ya gyara usur ya juya mata baya. Manyan ma'aikata ba sa musu da ƴan kasuwa.

Da aka ji raɗe-raɗin cewa wannan karon da gaske ne, an ba wani kamfani aikin, Illo ya naɗa kansa shugaban kwamitin tarbar kwalta. Mu ne ƴan kwamitin. Ya sa aka ɗinka masa farar babbar riga, ya sayo sabon almakashi na yanka zare ranar buki, yana yawo da shi a aljihun kwat, yana gwada shi a iska.

"Tarihi zai faɗa," in ji shi, "a hannun wa kwalta ta shigo Madarumfa."

An ce injuna za su zo da rani. Suka iso da farkon damina, wata Laraba da hantsi. Manya uku ne, rawaya, har da mai baje ƙasa da mai daddaɓe ta. Aikin zai fara ne daga cikin gari ya nufi Maradi, don haka dole su ratsa shingen. Gari ya fito. Mata na guɗa, makaɗa sun iso, Kulu har da rawa, tana cewa daga yau kifinta zai isa Maradi yana motsi. Illo ya ruga gida ya sako farar riga a kan kwat ɗin, usur na leƙowa ta wuya.

Ya tarbi babban direban, wani saurayi mai suna Audu, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Sannunku da zuwa, yaro. Ni ne hukumar hanyar ga. In kun gama, ina za ku kafa sabon shingen? Ina son a yi mai ɗaki, da taga ta fuskar gabas."

Audu ya yi dariya. "Baba, ai kwalta ba ta da shingen damina. Ko ana ruwa mota wucewa take. In mun gama, sandar nan sai maƙera."

Na daɗe a duniya, ban taɓa ganin fuska ta yi abin da ta Illo ta yi ba. Bai ɓata rai ba. Ya saki hannun yaron. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Da asuba an ɗan yi yayyafi, irin wanda sai an rantse maka kake yarda. Illo ya taka tsakiyar hanya, ya soka laima, ya zaro, ya sansana. Sa'an nan ya hura usur ya sauke sanda a gaban injunan.

"Ƙasa ba ta tsane ba. Babbar mota ba ta wucewa."

"Baba, mu ne fa masu gyaran hanyar!"

"Mai gyara ya fi kowa sanin nauyinsa. In na bar ku kuka ɓata ta, mi za ku gyara?"

Makaɗa suka tsaya. Kulu ta ɗora hannu a ka. Illo ya juyo wajen majalisarmu ta gindin dogon yaro, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mushe, kai ka yi karatu wajen Nasara. Mi doka ta ce?"

An daɗe ba a tambaye ni komai a gaban jama'a ba. Na miƙe, na gyara tabarau, na faɗi ƙa'idar kamar yadda take tun da: ba a ɗaga sanda sai mai shinge ya gamsu, ko motar Kumandan mai mulkin ƙasar ce. Na faɗe ta da Hausa, na maimaita da Faransanci saboda baƙi. Ƴan majalisa suka gyaɗa kai. Wani ya ce rabon da ya ji Faransanci mai tsabta haka tun kafin ƴancin kai. Ba zan ɓoye ba, maganar ta yi daidai, kuma har yau ban ga kuskure a nahawunta ba.

Injuna suka tsaya. Audu da mutanensa suka sha fura, suka yi sallah, suka sayi kifin Kulu da araha. Illo na soka laima, yana girgiza kai. Can da la'asar, daidai lokacin da ƙasa ta bushe har tana tashi, sai hadarin gaske ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwan da ba ya bukatar awo. Washegari saƙo ya zo daga kamfanin cewa injuna su koma, akwai wata gada da ta karye a wani wuri, sai bayan damina.

Bayan damina aka karya darajar kuɗin sefa. Kamfanin ya ce lissafi ya ɓaci. Ba mu sake ganin abu rawaya a hanyar nan ba sai masara.

Illo bai karaya ba. Ya hau dutsensa ya ce, "Da ba don ni ba, da ƙarafan nan sun murƙushe muku hanya. Wata rana za ku gode mini." Almakashin kuwa bai yi asara ba, da shi yake gyara gashin baki.

Shekarar da ta biyo, ruwa ya cinye hanyar gaba kaɗan da shingen. Direbobi suka ƙara wa hanyar wucin gadi tsawo, ta zagaya ta bayan gari, ba ta ko kallon sandar. Ta can kifin Kulu ke bi yanzu, yana tsalle a ramuka har Maradi, mu kuma muna sayensa da tsada kamar kowa. Ba mu fasa zama a gindin dogon yaro ba, ba mu fasa zagin masu jinkiri ba. Guntun hanyar da ke ƙarƙashin sandar Illo kuwa, duk jihar babu mai kyansa. Ko sawun taya babu.

Jiya an yi yayyafi. Ministan Damina ya sa kwat, ya soka laima, ya hura usur, ya sauke sanda. Akuyar Kulu ta zo, ta sunkuya, ta wuce ta ƙarƙashi. Muka ce masa sannu da aiki.