Yadda Na Zama Sarkin Ɗori

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, ƙarfe ya faɗo wa maigidana a ƙafa wurin aiki, ya dawo yana ɗingishi. Ana nan sai na ga yarona, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, shi ma yana jan ƙafa. Gabana ya faɗi, amma ban tambayi kowa ba, ai na sha ganin kakata tana gyaran targaɗe. Na gasa, na murza da man shanu, na ɗaura karan dawa. Na ma lura yau hagu, gobe dama, na shaida wa matan gidanmu na Sabon Gari cewa ciwon ne mai yawo.

Da abin ya ƙi, na goya shi sai Jushi wurin wani tsoho mai ɗori, ina hawaye kada ya gurgunce. Tsohon ya kwance karan, ya lallatsa, ya nuna masa ƙuli-ƙuli daga nesa. Yaro ya sheƙa a guje.

"'Yata, wa ke ɗingishi a gidanku?"

"Babansa, Baba."

"To, shi za ki goyo mini."

Har yau ko kaza ta ɗage ƙafa, sai matan su ce, "A kira Sarkin Ɗori, ta taho da kara."