Garkuwan Intanet da Kujerar Ɗakin Kyamara

Sau ɗaya tak na taɓa faɗa da Injiniya Gado, kuma har gobe kaina nake ɗora wa laifi. Wa ya aiki tsohuwa irina ja-in-ja da kogin ilimi? Ranar sunan jikana ne, a gidan 'yata Haulat da ke Al Wukair, ban fi mako biyu da sauka Doha ba, na zo yi mata wankan jego. Wayata na ajiye a kan kujera, sai wannan bawan Allah ya ɗauka, ya shafa fuskarta, ta buɗe. Ya yi salati kamar wanda ya tsinci gawa.

"Inna Rakiya, waya a buɗe haka? Ai tsirara kike yawo a duniya, ba ki sani ba."

Kafin in gama haɗiye wannan, ya zuba mata kalmar sirri mai harafi goma sha huɗu, har da wani abu mai kama da ƙugiyar mahauta. Ni da ko sunana aka rubuta da boko sai in gaishe shi in wuce. Aka kawo nama ya ci, aka kawo kunu ya sha, kalmar ta bi kunun. Kwana uku ban ji muryar ƙanwata ta Gusau ba. Sai da aka kai wayar shago aka wanke ta tas, hotunan da na yi shekara huɗu ina tarawa suka tafi ba sallama. Na wanke shi ni ma, soso da sabulu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi murmushin malamai.

"Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau. Tunda mai wayar ma ta kasa shiga, ina ga ɓarawo?"

Kun ji basira. Irin wannan ba a samunta a kasuwa.

To bari in gaya muku ko wane ne, don kada ku haɗu da shi ku gaishe shi gaisuwar talakawa. Gado mai gadi ne a ƙofar wani babban otal a Lusail, ba zan kama suna ba, inda surukina Muttaka ke kula da sito. 'Yan gari ɗaya ne, shi ya sa kowace Juma'a bayan masallaci tuwonmu ya san hannunsa. Injiniyancin kuwa a kwas ya samo shi. Otal ɗin ya tara ma'aikata kwana biyu, aka koya musu yadda za su kare kansu daga 'yan damfarar waya da kwamfuta, aka raba wa kowa takarda, har masu wanke-wanke. Kowa ya ninke tasa ya jefa a jaka. Gado ya kai tasa aka lulluɓe da leda mai ƙarfi, ya ɗauki hoto da ita a ƙirji kamar sabon haihuwa, ya canja sunansa a zauren WhatsApp na 'yan gida ya koma Injiniya Gado, Garkuwan Intanet. Ba wanda ya naɗa shi. Mutum mai tausayi ne, ya hutar da jama'a wahalar naɗi.

Akwai abin da Garkuwa ke hange. A ƙasan otal ɗin akwai ɗakin kyamara, inda mai gadi ke zama yana kallon allunan talabijin. Ɗakin sanyi gare shi kamar cikin randa, ga kujera mai juyawa. Mai kujerar zai koma ƙasarsu ƙarshen wata, kuma suna biyu ne a teburin manaja: Gado, da wani Sadick ɗan Zangon Kumasi, mutum marar surutu. Shekara shida Gado yana tsaye, gwiwoyinsa har ƙara suke idan zai yi sujada. Kujerar nan yake so, kuma a ganinsa takardar leda ta riga ta gama magana.

Kafin kujera ta zo, sai ya fara mulki a gidanmu. Ya manne idon kwamfutar Muttaka da filasta, ya manne na wayar Haulat, har sai da kakan yaron na wajen uba ya kira daga gida don ya ga jika, ya yi ta kallon duhu yana tambaya ko an ɗauke wuta a Qatar. Duk Juma'a sai ya canja kalmar waifai ɗin gidan, kuma ba ya faɗa wa kowa sai an cika masa kwano. Injin wanki ma bai tsira ba. Ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallon fitilunsa masu ƙyaftawa, ya ce bai yarda da shi ba.

Idan ya ƙoshi sai wa'azi. Yakan jingina, ya ɗaga yatsa ɗaya mai maiƙo.

"Jama'a, duniya ta canja. Ɓarawon yanzu ba ya haura katanga. Saƙo zai turo maka, ya ce ka ci kyauta, danna nan. Kada ka danna. Ka duba daga ina ya fito. Kalmar sirrinka kuwa, ko uwarka ta tambaye ka, kada ka ba ta. Ku dubi tawa. Duk Qatar babu mai iya gano ta. Sunan ƙauyenmu ne, sai shekarar da aka haife ni, sai tauraro a ƙarshe. Wa zai yi tunanin tauraro? Khalas, magana ta ƙare."

Mutum goma sha ɗaya ne a falon, bakwai 'yan ƙauyensu, uku sa'o'insa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Amma a bakin gaskiya wa'azin daidai ne, don ni kaina na amfana. Da wani ya kira ni ya ce in karanto masa lambar da aka turo mini, ce masa na yi ya zo ya karanta da kansa, ina nan ina dama kunu.

Ashe otal ɗin nan suna da wata al'ada. Lokaci-lokaci ofishin kwamfuta da kansu suke ƙirƙiro saƙon ƙarya irin na 'yan damfara, su tura wa ma'aikata, su koma gefe su ga wa zai haɗiyi ƙugiya. An faɗi haka a kwas, rana ta biyu da yamma. A daidai lokacin Garkuwa yana waje yana neman inda haske ya fi kyau don hoton rufe taro.

Ranar wata Talata saƙo ya shigo imel ɗinsa na aiki, irin wanda kowane ma'aikaci ke neman hutu da shi. Wai an zaɓe shi cikin masu neman kambin Gwarzon Tsaro na Shekara. Ya danna shuɗin rubutu, ya sa sunansa da kalmar sirrinsa don ya tabbatar. Abokan aikin da ke goyon bayansa su ma su shiga ta nan su sa nasu. A saman saƙon akwai jan layi ɓaro-ɓaro, irin wanda kwamfutar otal ke sa wa duk wasiƙar da ba ta cikin gida ba, yana gargaɗi cewa wannan daga waje ta fito, a yi hattara.

Gado ya karanta jan layin sau biyu. Ƙirjinsa ya buɗe. Daga waje. Wato sunansa ya tsallake otal, ya tsallake Lusail, watakila ma ya tsallake teku. Dama ya daɗe yana jin a jikinsa cewa ana maganarsa a wani wuri. Ya danna. Ya sa ƙauye, ya sa shekara, ya sa tauraro. Shafi ya yi fari bai ce komai ba. Ya sake. Sau bakwai ya yi, don kada a ce Garkuwa bai amsa kira ba.

Sai ya shiga neman goyon baya. A nan ne abin ya zama namu. Mu dai kun san mu da kara. Ɗan'uwa ya tsaya a kanka yana murna, ya ce taimaka mini da abin da ba zai ci maka komai ba, ina za ka kai fuskarka in ka ƙi? Ya bi su ɗaya bayan ɗaya lokacin cin abincin rana: masu gadi, direbobi, mai share bakin ruwan wanka. "Yalla, maza sa naka, abin alfaharin Arewa ne gaba ɗaya." Wasu sun ji wani iri a ransu. Muttaka ya faɗa wa Haulat, ita ta faɗa mini, cewa ransa bai kwanta da abin ba, amma mutumin da ya tarbe shi a filin jirgi ranar da ya fara zuwa ƙasar nan, yaya zai ce masa a'a? Mutum tara suka sa.

Da ya zo kan Sadick, sai Sadick ya duba wayar, ya duba shi, ya ce da Hausarsa ta Zango, "Maigida, ba kai ka ce ko uwanka ya tambaye ka, kar ka ba shi ba? Wannan ko uwana ba ne."

Gado ya karɓe wayarsa a hankali, kamar mai ɗauke jariri daga hannun maye. "Na gane. Hassada ga mai rabo taki ce. Idan na hau kujera ba zan riƙe ka a rai ba."

Sadick ya ci gaba da cin abincinsa. Shi ma irin saƙon ya shigo masa da safe, da sunansa a kai, don kowa aka tura wa. Akwai wani ɗan maɓalli da aka koya musu na kai rahoton saƙon da ba a yarda da shi ba, shi ya danna ya koma bakin aikinsa. Mutanenmu tara ma in da sun buɗe nasu imel ɗin da sun ga kowa Gwarzo ne. Amma wa ke buɗe imel in ba hutu yake nema ba?

Juma'ar makon nan ba mu ci tuwo ba. Garkuwa ya sa aka kawo faranti biyu na shinkafar Larabawa da naman rago, walimar somin-taɓi. Ya tura wa matarsa Zaituna saƙon murya a gida mai tsawon minti tara, ita kuma ta watsa wa dangi, har liman ya yi addu'a. Ya kai shadda wajen tela. A falonmu ya gwada jawabin karɓar kyauta, hannu ɗaya a ƙirji.

"Wannan kambi ba nawa ba ne ni kaɗai. Na duk wanda ya saurari nasihata ne. Masu baƙin ciki kuwa, na yafe musu."

Na ci naman, ba zan ɓoye ba. Rago bai yi mini laifi ba.

Ranar Lahadi da safe aka ce manaja na kiran mutum goma. Gado ya goge takalmi, ya fesa turare, ya shiga gaba sauran na biye, yana gyara murya. A ɗakin akwai manaja, da matar da ke shugabantar ofishin kwamfuta, da babban allo. A kan allon ga sunaye goma, nasa a sama. Ya ɗan sunkuyar da kai irin na tawali'u, yana jiran tafi.

Matar ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Saƙon nasu ne. Cikin ma'aikata sama da ɗari huɗu, goma ne suka ba da kalmar sirrinsu. Tara daga ciki ta wayar na gomansu suka bayar. Mai wayar kuma ya bayar sau bakwai, abin da ba su taɓa gani ba tun da suka fara wannan gwaji. Da saƙon na 'yan damfara ne na gaske, da yanzu baƙo yana yawo cikin kwamfutocin otal da sunan mutum goma, har da na mai sito. Manaja ya ce ɗakin kyamara wuri ne da ake riƙe sirrin baƙi, ba zai iya ba wa mutumin da ke bi ɗaki-ɗaki yana tara wa ɓarawo kalmomin mutane ba.

Taran aka sa su canja kalma, aka mayar da su kwas na rabin yini. Sadick ya hau kujera mai juyawa. Gado kuma aka ɗauke shi daga ƙofar gaba, inda aƙalla sanyin ciki ke ɗan busowa idan baƙo ya shiga, aka kai shi ƙofar wurin ajiye motoci, yana ɗaga sanda yana saukewa, a watan bakwai, lokacin da ranar Doha ke dafa ƙwai a aljihu.

Na ɗauka ba zai zo Juma'ar da ta biyo ba. Ban san shi ba. Ya zo, ya yi baƙi ya rame, amma yatsan nan na nan da ransa. Muttaka ya gaishe shi a taƙaice ya shige ɗaki. Sauran 'yan garin kowa ya sa ido a kwano. Garkuwa ya yi loma uku, ya jingina.

"Abin da mutane ba su gane ba, tun farko na san tarko ne. Masani ba ya tsayawa a bakin rami yana hasashe. Shiga na yi in auna zurfinsa. Su kansu ofishin kwamfuta sun ƙaru da ni, da bakinsu suka ce ba su taɓa ganin irina ba."

Kowa ya ci gaba da lomarsa. Bizata ta kusa ƙarewa, jibi zan hau jirgi, na ga bai kamata in tafi da magana a ciki ba. Na tura masa kwanon miya kusa.

Na ce, "Ci, ɗan nan, rana ta sha ka. Ni ban yi kwas ba, amma na ga ɓarayi iri-iri. Wani gidan sai sun yi rami, wani sai sun ba kare guba. Naka gidan ba sai sun wahala ba. Su tsaya a ƙofa su yi maka kirari, kai da kanka za ka miƙo musu makulli ta taga, ka bi maƙwabta ka karɓo nasu, sannan ka yanka rago ka kira mu cin nama."