Tef a Jikin Ƙusa

"Lafiya lau, in ban da ke," in ji tsohon tela, yana dafa ƙofar mota yana lallaɓa ƙafarsa mai ciwo. "Kike tambayata gajiya? Ai ke kika haife ta."

Jikarsa ta yi murmushin ƙarfin hali. Daga asibiti ta taso, ko kayan aikin jinya ba ta cire ba, idanunta har yaji suke yi. Tun ranar da ya faɗi a ɗakinsa ya wuni a ƙasa ba wanda ya sani, ta ƙudura ba za ta sayi gida ba sai wanda zai yarda su zauna tare. Gidajen da suka gani kuwa ta daina ƙirgawa. Kowanne sai ya zare tef ɗin awo daga wuyansa, ya auna ƙofa, ya taɓe baki ya ce a tafi. Na yau sashe ne a ƙasan wani tsohon bene, kuma dillali na tsaye a waje, ya ce akwai mai so in ba su ba da amsa yau ba.

"Wannan wace irin unguwa ce?" ya ce da suka shiga falo. "Shiru kamar an yi rasuwa. Ko kare bai yi mana haushi ba."

"Kare ya hango ka ya ji tausayi, Kaka."

"Ja'ira. Nan in mutum ya yi atishawa sai maƙwabta su kira 'yan sanda."

"To ka ga an samu maganin munsharinka."

Ya buga bango da sandarsa, ɓawon fenti ya zubo.

"Kin gani? Gidan nan ya girme ni."

"Ba abin da ya girme ka sai duwatsu. Kuma da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar da ke yoyo? Dubi silin can, taswirar duniya ce gaba ɗaya. Ga ƙasarmu ma can a kusurwa."

"Za a gyara. Kai ma haka likita ya ce a kanka, ban mayar da kai ba."

"Wa zai karɓe ni? Tsohon doki sai mai shi."

"Ai shi ya sa nake nema maka barga mai faɗi."

Ya yi tsaki, ya zaga ɗakunan yana jan ƙafa. Ya ce falon filin ƙwallo ne, kafin mutum ya je kicin yunwa ta kashe shi a hanya. Ya ce famfon banɗaki tari yake yi irin na masu shan taba. Ita dai ta jingina da bango, ƙafafunta na zugi, zuciyarta cike da fargabar nan ma za a ce a tafi. Ta gaji da neman gida, ta kuma gaji da firgita duk lokacin da wayarta ta yi ƙara tana bakin aiki.

Sai ga shi ya zare tef ɗin. Ya auna ƙofar shigowa, ya matso da lambar kusa da idonsa. Ya auna ta babban ɗakin mai taga biyu. Wannan karon bai taɓe baki ba.

"Zai wuce," ta ce.

"Me zai wuce?"

"Teburinka na yanka. Na auna shi ranar da na kawo maka magani kana gyangyaɗi, da tef ɗinka ma. Sababbin gidajen nan ƙofarsu ta kyanwa ce, shi ya sa na koma neman tsoho."

Ya dubi tef ɗin da ke hannunsa. Teburin nan gungumen katako ne, ba ya kwancewa. A gefensa kakarta ta zauna tana ɗinka maɓalli har ƙarshen rayuwarta, wurin hannunta ya yi sumul.

"Ashe ɓarauniya na rena," ya ce. "Ta sato awo a wuyan mai barci."

"Ai gado na yi. Wa ya taɓa ganin tela ya mayar da ragowar yadi?"

"Ƙarya kike yi. Duk rigunan da kika sa kina ƙarama daga ina kike zaton suka fito?"

"To ka ga ka amsa laifinka."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya taka zuwa taga, inda hasken rana ke kwance a ƙasa. Akwai wata tsohuwar ƙusa a jikin bangon, ya girgiza ta da yatsa ya ji ta kafu. Sai ya rataye tef ɗin a kai. Tun da take, ba ta taɓa ganin ya bar shi a wani wuri ya juya baya ba.

"Je ki sallami dillalin nan kafin ya yi saiwa," ya ce. "Amma ki sani, ba don ke na yarda ba. Tebur ne ya ga gida."

Ta goge ido da bayan hannu.

"To Allah ya sa tebur ba ya munshari."