Sarkin Hanji a Gonar Doya

Duk wanda ke zaune a Minna bai san Koci Ishaku mai koyar da rage ƙiba a intanet ba, ya duba wayarsa, ƙila data ce ta ƙare masa. Shi ne Sarkin Hanji, Garkuwan Tumbi, Agogo Sarkin Aiki. Ilimin da likitoci ke yin furfura suna nema, shi a hutun ƙarshen mako ya haɗiye shi, a waya, yana kwance. Har satifiket aka turo masa. Ya kai Sabon Gari aka buga, aka sa a gilashi, ya rataye daidai inda kyamara za ta riƙa kamawa.

Kafin bayyanarsa, mutanen Minna cin abinci kawai suke yi kamar awaki. Shi ya sanar da su cewa akwai agogo a jikin ɗan Adam, kuma duk garin nan nasa ne kaɗai ke tafiya daidai.

"Jama'a," haka yake ce wa mabiyansa yana bubbuga cikinsa da ya lafe kamar faifai, "insulin ba abokin wasanku ba ne. Karin kumallo ƙarya ce muka gada. Ni sai rana ta raba tsaka nake buɗe baki, kafin ta faɗi na rufe. Sauran lokacin jikina kitsensa yake ci. Metabolizim kenan. Wanda bai gane ba ya yi shiru."

Kuma Koci ba marowaci ba ne. Da safe yakan je teburin mai shayi a Ketaren Gwari, ba don ya sha ba, sai don ya tsaya a kan mutane yana kallon burodinsu da tausayi. A wajen biki ya taɓa karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa, ya yi wa shinkafa ta'aziyya. Mahaifiyarsa kuwa a bayan ƙyauren kicin take cin tuwon dare, tana waige-waige kamar mai shan taba a ɓoye.

Sai dai ko agogo yana da ranar tsayawa. Koci ya faɗa son Lilian, tela a unguwar Shango, 'yar Baba Irimiya, dattijon Gbagyi wanda doya ta gina masa gida ta kuma kai 'ya'yansa makaranta. Ranar da ya fara zuwa gaisuwa, uwar yarinya, Mama Rifkatu, ta ajiye masa sakwara tana tururi. Gogan naka ya ture kwanon da ɗan yatsa.

"Baba, da girmanka, doya fa sukari ce ta sa rigar ɓawo."

Lilian ta rufe fuska da gyale. Baba Irimiya ya dubi baƙon, ya dubi rumbun doyarsa, ya ce, "To."

"To" ɗin dattijo ta fi bulala, amma Koci ya ɗauka an gamsu.

A gidan Baba Irimiya ba a yar da al'ada ba: mai neman aure sai ya shiga gonar uban yarinya ya yi huɗar doya. A da, shekaru ake yi ana wannan hidima. Baba ya sassauta, ya ce wuni guda ya isa. A ga ƙarfinka a sa rana, in ka kasa ka nemi wata yarinyar a gaba.

Ana gobe za a fita, Lilian ta kira shi.

"Ishaku, don Allah gobe ka karya. Ko kunu ne. Baba ba ya magana biyu."

"Haba Lili, har da ke? Gobe ce ranar da kimiyya za ta kunyata doya."

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ranar Minna kuma ta fito da niyyar ramuwa. Koci ya iso gona cikin matsattsun kayan motsa jiki, da agogon hannu mai auna bugun zuciya, da gorar ruwan ɗumi da lemon tsami. Ya tarar da Shekwolo, yayan Lilian, da 'yan'uwansa sun kewaye gasasshiyar doya da manja.

"Suruki, zo ka sa hannu."

"Ku ci, ku da ke aiki da sukari. Ni da kitse nake aiki."

Shekwolo ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa yana neman kitsen, bai gani ba, ya ci gaba da tauna.

Koci ya kafa waya a kan kututture, ya buɗe shiri kai tsaye, ya ɗauki garma. Tulinsa na farko ya fito kamar kabarin ƙadangare. Kafin ya jera wasu, su Shekwolo sun yi masa nisa, sai ƙeyarsu yake hange.

Hannunsa ya fara rawa. Ya nuna wa kyamara. "Kun gani? Kitse ke narkewa."

Gumi mai sanyi ya keto masa. "Guba ce ke fita."

Ya ɗaga ido ya ga Shekwolo ya zama biyu. "Wannan matakin shi ake kira kitosis. Ba kowa ke kaiwa nan ba."

Mabiya suka shiga rubuto masa ya zauna, ya sha wani abu. Ya ce mahassada ne. Ya tattara ragowar metabolizim ɗinsa, ya ɗaga garma sama, garma ta ce ita baya za ta. Suka tafi tare. Sarkin Hanji ya miƙe samɓal tsakanin kunya da kunya, agogon hannunsa ya yi ƙara yana taya shi murnar samun barci mai inganci.

Daidai nan Mama Rifkatu ta iso da abincin rana a masaki bisa kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora wa kai kaya, kai abin girmamawa ne. Ta sauke, ta tallafo shi, ta ɗura masa kunun zaƙi. Ya buɗe ido ɗaya.

"Mama, da sukari?"

"Da yawa."

"Ƙaro."

Ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu har sai da ya ga gindinta. Amma ƙafafu suka ce su ba su farfaɗo ba. Titi da nisa, taɓo kuma ba zai bar mashin ya shigo ba. Maza suka ajiye garma za su kama shi, Mama ta ce, "Ku yi aikinku, kar wuni ya lalace a kan wannan." Ta sunkuya, ta saɓa shi a kafaɗa, ta kama hanya. Shekwolo ya ɗauko wayar ya bi su a baya. Ya ce wai bai san yadda ake kashewa ba.

"Mama, sauke ni, mabiyana na kallo."

"Yi shiru, ɗana. Ɗaurin itace ya fi ka wahalar ɗauka."

Da yamma aka zauna a tsakar gida. Lilian na bayan labule, ta cije gefen gyale. Koci ya gyara murya.

"Baba, a kimiyyance, abin da ya faru shi ne..."

Baba Irimiya ya ɗaga hannu.

"Ban kore ka ba. Yarinya ta ce kai take so, ban san dalili ba. Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da matata ke ɗauka kamar buta ba. Ranar da Rifkatu ta ɗaga ka ta kasa, ranar za mu sa rana."

Shi ya sa yanzu in ka bi ta Shango bayan faɗuwar rana, lokacin da agogon jiki ya haramta ko ƙwayar gyaɗa, za ka ga mutumin da ya koya wa Minna ramewa zaune a tabarma, waya a kife, yana yaƙi da malmalar sakwara ta biyu. Lilian ce ke ƙara masa miya, ba ta ko tambayarsa. Duk Lahadi bayan coci ana gwaji a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta katanga. Koci ya yi kumatu, ya fara ajiye tumbi, yana ta addu'a. Har yau Mama na ɗaga shi, ta ɗan jijjiga, ta ajiye, ta ce, "Saura."

Abin da satifiket bai gaya masa ba shi ne, ita ma Mama Rifkatu doyar take ci.