Zakka da Fitilun Gwangwani

A bayan majami'ar ƙauyenmu akwai ɗaki ɗaya, nan Zakka mai shara yake zaune da matarsa Rifkatu da akuyarsu. Zakka ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Ciwonsa ɗaya ne, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Dattawan majami'a suka gaji, suka ce bayan Kirsimeti ya ba su ɗakinsu. Rifkatu ta je ta durƙusa wa Fasto Ayuba, shi kuwa ya ce ga dama ta ƙarshe: Zakka ya haɗa fitilun dandamalin wasan Kirsimeti, masu araha, waɗanda za a sake amfani da su baɗi.

Wata rana Fasto ya ce, "Bi gida-gida ka tattaro mana gwangwanin madara, amma wanda babu komai a ciki." Zakka ya saɓa buhu. Duk gidan da ya tarar da sauran madara a gwangwani, sai ya nemi wuri ya zauna, ya shanye tas, ya yi godiya, ya jefa a buhu. Ranar rabin gari baƙin shayi suka sha, shi kuwa ya wuni yana zarya bayan gida.

Wata rana Filibus mai gyaran rediyo ya nuna masa aikin: a huda gwangwani da ƙusa, a sa ƙwan tocila da batir, a ɗaura wayar ratayewa. Garin miƙa masa, gwangwanin ya suɓuce ya lotse. Filibus ya tsince shi ya ce, "Sauran duk ka yi su kamar wannan." Zakka ya yi su tsaf, gwanin sha'awa. Sannan ya miƙe ya riƙa sakinsu ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi lotsewa ya taimaka masa da dutse.

Wata rana wajen gwaji shugabar mawaƙa ta ce, "Zakka, duk inda mala'ika ta sa ƙafa, haske ya bi ta." Mala'ikar kuwa matar Dattijo Bulus ce, wanda ya fi kowa son a kori Zakka. Aka tashi, ta kama hanyar gida, Zakka na biye da fitila a bakin gora, rana tsaka, ta cikin kasuwa, har madafarta. Dattijo Bulus ya rako shi da taɓarya. Ranar Rifkatu ta yi kuka, ta fara ɗaure kaya. Ni kaina na tausaya mata.

Ranar wasa, da faɗuwar rana, majami'a ta cika, har da babban fasto daga gunduma. Fasto Ayuba ya ja kunnen Zakka: "Duk fitilar da aka gama da ita, ka sauke ka adana don baɗi." Makiyayan wasan na sauka daga dandamali, Zakka ya kafa tsani ya kwashe nasu. Mala'ika na fita, ya kwashe nata. Masu hikima suka ajiye kyaututtuka, nasu ma suka shiga buhu. Dandamali sai ƙara duhu yake, Fasto na ta harara yana gumi, Rifkatu ta rufe fuska da gyale.

Ƙarshe gwangwani ɗaya ya rage, wanda ke saman komin dabbobin da aka kwantar da jaririn wasan. Ko'ina duhu sai fuskar yaron. Tsofaffi suka fara share hawaye.

Babban baƙo ya miƙe. "Ban taɓa ganin wa'azi irin wannan ba. Ɗana, wa ya koya maka?"

Zakka ya ce, "Fasto ne, Baba."

Fasto Ayuba ya gyara kwala, ya ce ai ya daɗe yana addu'a a kan wannan tsari. Dattijo Bulus ya ce shi dama tun farko ya san yaron yana da baiwa, kuma wa zai kori mai baiwa daga ɗakinsa?

Rifkatu ba ta jira albarkar tashi ba. Ta zame ta tafi kwance kaya.