Gorar Inna Tabawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarar farko ta ritayata, ranar da na tsaya a tsakar gidana na karanta labari mafi wuya a rayuwata, babu takarda a hannuna, kuma ni ne wanda labarin ya shafa.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina karanta labarai a wani gidan rediyo a birnin Kano. Lokacin da na ajiye aiki, Allah ya riga ya yi wa maiɗakina rasuwa, 'ya'yana uku kuma kowa yana garin da yake neman abinci. Sai na tattara na koma ƙauyenmu, can gaba da Gezawa, inda katanga ke jingine da katanga, gona ke jingine da gona. Na ɗauka wurin da mutum ke jin tarin maƙwabcinsa ba a yin kaɗaici. Ashe ana yi. Mutane suna girmama ni ƙwarai. In na doso gindin darbejiyar da ake zama, sai a miƙe, a gaishe ni, a tambayi lafiyar yara, hirar da ake yi kuma ta mutu har sai na wuce. Su suna ganin wanda ya saba da manyan labarai ba zai so zancen taki da irin gyaɗa ba. Ni kuma ina jiran a ce mini in zauna. (Ba a cewa mutum ya zauna a gindin bishiyar ƙauyensu. Zama kawai ake yi. Ban gane haka ba sai da aka makara.)

'Yata ta fari ce ta kawo shawarar a sa mini dish. Ta kira ni ta jero mini abin da kamfanin ke sayarwa: akwai ƙaramin ƙunshin tashoshi, akwai matsakaici, akwai babba. Ta zaɓar mini babban. Tashoshin labarai na gida da na waje, na ƙwallo, na wa'azi, na finafinan Hausa, har da wata da ba a nuna komai a cikinta sai namun daji suna cin junansu. Dikodar ma irin wadda ake tsayar da shiri ce, mutum ya je ya yi salla ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Da yake muna da sola, ba ruwana da ɗauke wuta. Ta ce, "Baba, yanzu kam ba za ka ji shiru ba."

Wanda kamfanin ya turo ya ɗaura, sunansa Malam Sabo. Ya haura hamsin, gajere ne, gemunsa ya fara furfura, yana yawo a babur da tsani mai naɗewa ɗaure a baya. Ina yi masa sannu da zuwa sai ya tsaya da kwance kaya.

"Alhaji, don Allah sake faɗa."

"Me zan sake?"

"Sannu da zuwan nan. Wallahi kai ne mai labaran ƙarfe bakwai! Babanmu in ka fara, ko akuya ba ta isa ta yi kuka a gidanmu ba."

Aikin awa ɗaya ne, amma sai da ya yi la'asar a gidana. Muka sha fura, ya tambaye ni yadda ake karanta labarin rasuwa murya ba ta rawa, ya musa mini kan wata kalma da na saba fassarawa (shi ke da gaskiya, amma ban faɗa masa ba). Da zai tafi ya nuna mini lambar kamfani a jikin takarda: a kira, a danna biyu a ji Hausa. Ya ce akwai garanti na wata shida, in dish ya goce wanda ya ɗaura ne zai dawo ya gyara, kyauta.

Ya tafi ya bar ni da tashoshi rututu. Na gano abu ɗaya a makon farko: duk cikinsu babu wadda ke amsa sallama. Nakan zauna bayan azahar ina gyara wa masu karanta labarai Hausa, da ƙarfi, ni kaɗai, su kuma suna ci gaba da kuskurensu.

Gocewar farko ta Allah ce. Wata guguwar bazara ta bi ta kan gidan, hoto ya ɗauke, na kira, na danna biyu, kwana biyu sai ga Malam Sabo. Minti goma ya gyara. Awa uku muka yi muna hira.

Ta biyu kuwa, to, a nan labarin ya canza.

Maƙwabciyata ta jikin katanga ita ce Inna Tabawa, matar ƙanin mahaifina, tsohuwar da har gobe "ɗan nan" take ce mini duk da farin gemuna. Tana da wata doguwar gora da take tsinko zogale da ita, an ɗaura mata ƙugiyar ƙarfe a kai da tsumman jar atamfa. Na je na ce ta ara mini zan share yanar gizo-gizo a zaure. Na shigo gida, na rufe ƙofa, na duba hagu da dama kamar ɓarawon kaza, na saƙala ƙugiyar a hannun dish ɗin, na ɗan ja. Da na leƙa ɗaki, allo ya yi baƙi. Wallahi daɗin da na ji ko ranar da aka ƙara mini girma ban ji irinsa ba. Na gyara murya, na kira kamfani, na ba da rahoto a tsanake, da muryar ƙarfe bakwai: iska ta sake goce mana dish.

Malam Sabo ya zo, ya gyara, ya ƙara ɗaure notuna, muka sha fura. Bayan mako biyu na sake aron gora. Ya zo, ya ƙare wa abin kallo, ya ɗaure da dukkan ƙarfinsa har yana nishi. Saboda haka a gocewa ta huɗu, da na sake aro gorar, jan hannu bai isa ba. Sai da na rataya a jikin gorar, ni, mai shekara sittin da shida, ƙafafuna suna barin ƙasa, hulata a cikin kwata. Dish ya goce. Ƙugiyar kuma ta fizge daga gorar ta maƙale can sama, jan tsummanta yana reto. Ba ni da tsani. Na ɓoye gorar a bayan ɗaki, na ce wa kaina daga ƙasa ba kowa zai lura ba. Na kira, na danna biyu.

Abin da ban sani ba (kuma wanda ya yi shekara talatin yana cewa a binciki labari kafin a watsa ya kamata ya tambaya), shi ne duk kiran da na yi ana rubuta shi ne a kan sunan wanda ya ɗaura.

Ranar Larabar nan da hantsi, maimakon babur sai ga farar mota mai tambarin kamfani. A ƙauyenmu mota irin wannan ba ta shigowa ita kaɗai. Kafin ta tsaya, rabin majalisar gindin darbejiya ta biyo ta har zaurena, wasu sun leƙo tsakar gida. Wani mutum mai takardu a hannu ya fito, ya ce shi ne injiniyan da ke duba aikin masu ɗaura dish a shiyyar nan. Malam Sabo ya fito ta ɗaya ƙofar. Bai yi mini wasan da ya saba ba. Gaisuwa kawai.

"Alhaji, mun zo ba ka haƙuri ne," in ji Injiniya. "Sau huɗu a ƙasa da wata biyu, a gida ɗaya. Mu a ƙa'idarmu wannan ba iska ba ce, aikin banza ne. Sabo, hau ka nuna mini abin da ka ɗaura."

Malam Sabo ya kafa tsani ya hau. Ina tsaye a ƙasa, na ga lokacin da idonsa ya faɗa kan ƙugiyar. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wa jama'a baya, ya zare ta, ya sa a aljihun rigarsa. Ya gyara dish, ya sauko.

"Me ka gani?"

"Ya goce, ranka ya daɗe."

"Na san ya goce. Me ya gotar da shi?"

"Allah ne masani."

"To ni ma na san wani abu. Daga yau na cire sunanka daga masu yi mana aiki. Ka je ka koyi ɗaure noti." Ya buɗe takarda, ya zaro biro.

Mutumin nan da wannan aikin yake ciyar da gidansa. Ya faɗa mini da bakinsa, a kan tabarmata, da ludayina a hannunsa. Kun san abin da na yi? Na buɗe baki na fara bayani a kan yanayi. Na ce a wannan tsakani na shekara, kafin saukar damina, akan samu iska mai ƙarfi daga gabas, musamman a gidajen da ke bakin gona. Na tsara jimlolin da kyau. Ko ganye ɗaya ba ya motsi a kan darbejiya. Malam Sabo yana kallon ƙasa.

Sai aka yi sallama daga ƙofa. Inna Tabawa ce, ta ratso maza da sandarta.

"Ɗan nan, wai ina gorata? Kwana huɗu ina cin tuwo da miyar kuka saboda kai. Wace irin yanar gizo-gizo ce a gidan nan da ba ta ƙarewa? Sau uku fa ke nan!"

Ba wanda ya gane komai. Injiniya ma bai ɗago daga rubutunsa ba. Da na ce mata ta je zan aiko, da shi ke nan. Amma na dubi Malam Sabo, na ga ya dafe aljihunsa da hannu, yana ƙara ɓoye jan tsumman da ya ɗan leƙo. Ana korar sa, shi kuma ta rufin asirina yake.

Na ce, "Injiniya, dakata da biron nan." Na zaga bayan ɗaki na ɗauko gorar, na dawo na tsaya a tsakiya da ita a hannu, ta fi ni tsawo sau biyu. Ban san wata hanyar faɗar abu ba sai wadda na saba, don haka na fara da kanun labari. "Gocewar farko iska ce. Sauran ukun ni ne. Da wannan gorar. Kanta yana aljihun Malam Sabo."

Injiniya ya ɗago daga takardarsa.

"Kai da kanka, Alhaji?" in ji Injiniya. "Don me? Tashoshin ne ba su yi maka ba? Ai sai a canza maka ƙunshi."

"Tashoshin ba su da laifi. So nake ya zo mu yi hira."

A duk shekarun aikina murya ba ta taɓa yi mini rawa ba, har ranar da na karanta rasuwar abokan aikina. A kan wannan gajeriyar jimla ta yi.

Malam Sabo ya zaro ƙugiyar ya miƙa wa Inna Tabawa da hannu biyu. Ta jujjuya ta, ta ɗaga kai ta dubi dish, ta dube ni.

"Ashe gizo-gizon naka a sama yake saƙa. Kai ɗan nan, da gemunka!"

Wani ya fara ƙyalƙyalewa daga zaure, sai kowa ya ɗauka. Wannan ne karo na farko da mutanen ƙauyenmu suka yi dariya ina wurin. Na so a ce ba ni ake yi wa ba, amma ban samu zaɓi ba.

Injiniya ya soke abin da ya rubuta, ya sake wani a ƙasa. Na roƙe shi ya karanta mini, saboda ɗabi'ar aiki. Ya ce ya rubuta: aikin mai ɗaurawa lafiya lau, matsalar daga mai gida take. Ban taɓa jin rahoton da ya kai wannan daidai ba.

Da za su tafi na bi Malam Sabo har mota ina neman kalmar ba da haƙuri, ni da kalmomi suka zama sana'ata. Ya riga ni.

"Alhaji, tun zuwa na uku na gane ba iska ba ce. Lambata tana bayan dikodarka, na rubuta da biro tun ranar farko. Ba sai ka danna biyu ba."

Na koma ɗaki na juya dikodar. Tana nan. Wata biyu tana nan.

Yanzu yakan biyo in aiki ya kawo shi wajenmu, wani lokaci sau ɗaya a wata, wani lokaci ba ya samu. Gidan dai har yanzu shiru ne, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai a gindin darbejiya an daina miƙewa in na doso, sai dai in ji an ce, "A matsa wa Alhaji mai gora." Inna Tabawa kuwa ta rantse ko tsintsiya ba za ta ƙara ara mini ba.

Dish bai sake gocewa ba, ko a tsakiyar damina. Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce ni ke koyarwa, shi ne: in kana son mutum ya zo, kira shi ka ce ya zo. Ya fi sauƙi a kan rataya a jikin gora, kuma hularka ba za ta faɗa kwata ba.